SHEKARAR JUBILI DA 'YANCIN SUJADA

Jawabin da aka gabatar a sujadar godiya ta cikar wannan ikilisiya shekara 50

 

Kwamitin shirya wannan biki ya ba mu aiki mu yi magana a kan 'yancin addini a duniya, da irin zaman da marasa rinjaye suke yi a ƙasashe dabam dabam. Wataƙila wani zai ce, yau ranar murna ce, me ya kawo zancen kurkuku da tsanani? Amsar tana cikin kalmar jubili kanta. A Littafin Firistoci sura 25, Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe shekara ta hamsin, a busa ƙaho a dukan ƙasar, wanda talauci ya sa ya sayar da kansa bauta ya koma wurin danginsa, gonar da ta fita daga hannun mai ita ta koma masa, ƙasa ma ta huta da noma. Za mu ci shinkafa, mun kuma ga iyayenmu mata sun yi kyau da ankonsu, amma asalin jubili shekarar kwance ɗaurarru ce. Shekara hamsin ke nan ana buga ƙararrawa a wannan wuri ana shiga sujada. Akwai 'yan'uwanmu da ba su taɓa jin ƙararrawar majami'a ba tun da aka haife su, domin a ƙasarsu laifi ne.

ABIN DA TARIHIN IKILISIYA YA NUNA

Ikilisiya ta fara rayuwarta a matsayin 'yar ƙaramar ƙungiya wadda ba ta da soja, ba ta da sarki. A shekara ta 64, bayan gobarar birnin Roma, sarki Niro ya ɗora wa masu bi laifin, aka kashe su da azaba iri iri. A nan ƙasarmu ta Afirka, a birnin Kartaj wanda yake cikin Tunisiya ta yau, aka jefa wa namomin jeji wata matashiya mai shayarwa, Perpetuwa, tare da wata baiwa mai suna Felisita, a shekara ta 203. A wannan birni ne kuma malamin nan Tertuliyan ya rubuta wa gwamnan Romawa cewa kowane mutum yana da iko ya yi sujada bisa ga abin da zuciyarsa ta amince da shi, tilastawa kuwa ba aikin addini ba ne. Tsanani mafi zafi ya zo a 303, zamanin Diyokiletiyan, sa'ad da aka rushe majami'u aka ƙone littattafai.

Sai ga sauƙi. A 313 sarki Kostantin da abokin mulkinsa Lisiniyus suka yi yarjejeniyar Milan, wadda ta ba Kirista da kowa da kowa damar bin addinin da ya zaɓa. To, ya ku ƙaunatattu, a nan ne muke so ku buɗe kunne. A 380, wato shekara 67 kacal bayan haka, sarki Tiyodosiyus ya mai da Kiristanci addinin gwamnati. Wajajen 385 hukumar da take kiran kanta ta Kirista ta fille kan wani bishop mai suna Pirisiliyan a birnin Tiriya saboda koyarwarsa. Kafin 392 ta ƙare an haramta hadayun masu bautar gumaka. Jikokin waɗanda aka tsananta wa sun riƙi bulala da hannunsu, tun tabon bayan kakanninsu bai gama ɓacewa ba. Gaskiya ne akwai bayin Allah irin su Martin na Tur da Amburos na Milan da suka ƙi yarda da wannan kisa, amma ƙofa ta riga ta buɗe.

Abin bai tsaya nan ba. A 1492 sarakunan Sifen, Kirista, suka kori Yahudawa daga ƙasarsu, wanda ya karɓi da yawa daga cikinsu kuwa shi ne Sarkin Musulmin Turkiyya, Bayazid na Biyu. Kada kuma mu 'yan Furotesta mu ce wannan halin Katolika ne. A watan Janairu 1527, hukumar birnin Zurik, wadda ta riga ta karɓi gyaran ikilisiya, ta ɗaure wani mai suna Felix Manz ta nutsar da shi a kogi, laifinsa shi ne yana yi wa manya baftisma. Tsakanin 1618 da 1648 Katolika da Furotesta suka yi yaƙin shekara talatin a Turai, wanda ya cinye miliyoyin rayuka.

Daga cikin wannan toka ne maganar 'yancin addini ta sake tsirowa, kuma daga bakin waɗanda suka sha dukan. A 1612 wani ɗan Baftis na Ingila, Thomas Helwys, ya rubuta littafi ya aika wa sarki Jemis, yana cewa sarki mutum ne mai mutuwa, ba shi da iko a kan ran kowa, kuma bai kamata a hukunta mutum saboda addininsa ba, ko da Bayahude ne, ko Musulmi, ko wanda ake kira mai karkatacciyar koyarwa. A lura, bai roƙa wa 'yan Baftis kaɗai ba. An jefa shi kurkuku, a can ya mutu. A 1708 kuma, a wani ƙauyen Jamus mai suna Shuwazenau, mutum takwas, maza biyar mata uku, suka yi baftisma a kogi alhali doka ta hana. Tsanani ya kore su har zuwa Amurka. Jikokin bangaskiyarsu ne suka iso Garkida suka yi sujadar farko a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris 1923, abin da ya zama Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Bisharar da ta iso mana, wani ɓangarenta ya biyo ta hannun 'yan gudun hijira ne.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da irin wannan labari, suna kuma koya wa 'ya'yansu shi. Wajajen shekara ta 615, sa'ad da mutanen Makka suka matsa wa Musulmin farko, wani sarki Kirista, Najjashi na Habasha, shi ya ba su mafaka, ya kuma ƙi miƙa su ga waɗanda suka biyo sawunsu da kyaututtuka. Ya kamata 'ya'yanmu su ma su san wannan labari, gama sarkin namu ne.

ABIN DA AKA RUBUTA A TAKARDA

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a cikinsa aka hallaka Yahudawa miliyan shida, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da takardar haƙƙin ɗan adam a birnin Paris ranar 10 ga Disamba 1948. Sashe na 18 ya ba kowane mutum 'yancin tunani da lamiri da addini, da ikon sauya addini, da ikon yin sujada da koyarwa, a ɓoye ko a fili, shi kaɗai ko tare da jama'a. Ƙasashe 48 suka goyi baya, takwas suka ƙaurace, babu wadda ta ce a'a. Cikin waɗanda suka tashi suka kare wannan sashe har da ministan harkokin waje na Pakistan, Zafrullah Khan, ɗan Ahmadiyya. Ku riƙe sunansa, za mu dawo kansa.

A gida kuwa, hukumar Willink da Turawa suka kafa a 1957 domin ta saurari tsoron ƙananan ƙabilu ita ta ba da shawara a sa haƙƙin ɗan adam cikin tsarin mulki, aka kuwa sa a na 1960. Tsarin mulkin 1999, sashe na 38, ya tabbatar wa kowane ɗan Nijeriya 'yancin addini da sauya shi da yaɗa shi, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na gwamnati. Muna roƙon malaman makarantar Lahadi su san waɗannan sassa biyu. Manzo Bulus bai ji kunyar faɗin cewa shi ɗan ƙasar Roma ne ba sa'ad da za a yi masa bulala ba tare da shari'a ba, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

Amma takarda ba ta tare harsashi.

ZAGAYEN DUNIYA

Bari mu fara da Iritiriya, a nan Afirka. A watan Mayu 2002 gwamnati ta rufe dukan wuraren sujada, ban da na ƙungiyoyi huɗu: Otodoks, Katolika, Lutaran da Musulmi 'yan Sunna. Wata mawaƙiyar bishara, Helen Berhane, an kama ta a 2004, aka kulle ta a cikin kwantenar ƙarfe, irin wadda ake dakon kaya a jirgin ruwa, da rana zafi kamar tanda, da dare sanyi. Abin da ake nema a wurinta shi ne ta sa hannu a takarda cewa ta bar waƙa da wa'azi. Ta ƙi, sai a 2006 aka sake ta, ba ta iya tafiya da ƙafarta saboda duka. 'Yan ƙungiyar mawaƙa, wannan 'yar'uwarku ce. Shugaban ikilisiyar Otodoks kansa, Abune Antoniyos, da ya ƙi yarda gwamnati ta sa baki a al'amuran ikilisiya, an tuɓe shi, aka tsare shi a gida har ya rasu a 2022. A wannan ƙasa ce kuma aka ɗaure wasu Shaidun Jehobah uku tun 1994, ba a taɓa kai su kotu ba, sai Disamba 2020 aka sake su. Shekara 26. Ba mu yarda da koyarwar Shaidun Jehobah ba, mun sha faɗa a kan wannan bagadi. Amma wa zai tashi a cikinmu ya ce ɗaurin nan daidai ne?

A Pakistan, a 2009, wata Kirista mai aikin ƙodago a gona, Asia Bibi, ta sha ruwa, gardama ta tashi tsakaninta da abokan aikinta, aka zarge ta da saɓo. A 2010 aka yanke mata hukuncin kisa. Mutum biyu manya suka tsaya mata. Ɗaya gwamnan Punjab ne, Salman Taseer, Musulmi, wanda mai tsaron lafiyarsa ya harbe a Janairu 2011. Na biyu ministan marasa rinjaye ne, Shahbaz Bhatti, Kirista, aka harbe shi a Maris na wannan shekara. Kotun ƙoli ta wanke matar a Oktoba 2018, bayan ta shekara fiye da takwas a tsare. Jinin Musulmi da jinin Kirista ya zuba a kan mace ɗaya matalauciya. Shi kuwa Zafrullah Khan da muka ambata, yana raye a 1974 majalisar ƙasarsa ta yanke cewa 'yan Ahmadiyya ba Musulmi ba ne, a 1984 kuma aka yi dokar da ta hana su kiran wurin ibadarsu masallaci.

A Iraƙi, a 2014, mayaƙan da suke kiran kansu Daular Musulunci suka shiga Mosul, wato tsohuwar Nineba ta annabi Yunana, suka rubuta harafin nun na Larabci, ma'ana Nasara, a jikin gidajen Kirista, aka ba su zaɓi su bar addininsu, ko su biya haraji, ko su mutu. Birnin ya wayi gari babu Kirista. Amma abin da ya sami Yazidawa a dutsen Sinjar a watan Agusta ya fi wannan muni: aka kashe maza, aka sayar da mata da 'yan mata kamar awaki. A Fabrairu 2015 aka yanka ma'aikata 21 a bakin teku a Libiya, ashirin Kibɗawan Masar, ɗaya baƙin mutum irinmu, Matthew Ayariga, wanda aka ce daga Gana yake.

Kada wani ya ɗauka Kirista kaɗai ake bi da sanda, ko kuwa mai sandan kullum addininsa ɗaya. A Miyanma, inda mabiya Buda suka fi yawa, Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash daga watan Agusta 2017. Abin sha'awa, ƙaramar ƙasar Gambiya ce ta kai ƙarar Miyanma kotun duniya a 2019. A ƙasar Sin, masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a 2018 akwai rahotannin tsare Musulmin Uigur wajen miliyan ɗaya a sansanoni, a Disamba 2019 kuma aka yanke wa Fasto Wang Yi ɗaurin shekara tara. A Indiya, a Janairu 1999, aka ƙone ɗan mishan Graham Staines, mai jinyar kutare, tare da 'ya'yansa maza biyu suna barci a cikin mota, matarsa Gladys ta fito ta ce ta gafarta. A Iran an daɗe ana hana mabiya Baha'i shiga jami'a. A Sudan, a 2014, aka yanke wa Maryam Ibrahim hukuncin kisa saboda ridda, ta haihu a kurkuku, daga baya aka sake ta, a 2020 kuma aka soke wannan doka. Cikin wata shida kacal an kashe Yahudawa 11 a majami'arsu a Pitsbag ta Amurka, Musulmi 51 a masallatai biyu a Niyu Zilan, da mutane fiye da 250 ranar Ista ta 2019 a Siri Lanka.

Akwai kuma inda masu sunan Kirista suke da rinjaye. A Sirebirenika ta Bosniya, a Yuli 1995, an kashe Musulmi maza da samari wajen 8,000. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 2014, mayaƙan anti-balaka, waɗanda yawancinsu daga gidajen Kirista suka fito, suka bi Musulmi gari gari. A garin Bosemtele wani fada ɗan ƙasar Togo, Bernard Kinvi, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan, ya yi ta fitar da su da kaɗan kaɗan, alhali ana yi masa barazanar kisa. A ganinmu, shi ne ya wanke fuskar ikilisiya a ƙasar nan.

A GIDA

Ba sai mun buɗe taswira ba kafin mu san tsanani. Akwai waɗanda suke zaune a nan da suka ga Kafanchan a 1987, Kano a 1991, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001. Mun tuna Madalla ranar Kirsimati ta 2011, da 'yan matan Chibok 276 a Afrilu 2014, waɗanda yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa ne, jikokin gindin tsamiyar nan. Mun tuna majami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai a Janairu 2015. Mun tuna Leah Sharibu, wadda aka saki sauran 'yan matan Dapchi a 2018 aka riƙe ta domin ta ƙi musun Ubangijinta, da Rabaran Lawan Andimi a Janairu 2020, da Deborah Samuel a Sakkwato a Mayu 2022, da masu sujada a Owo wata ɗaya bayan haka. Ban da waɗannan akwai ƙananan ƙayoyi na yau da kullum waɗanda jarida ba ta bugawa: neman fili ko takardar izinin gina majami'a shekara da shekaru, makarantar da babu malamin addinin Kirista, da Bahaushe Kirista da ake tambaya ko shi Bahaushe ne na gaske, alhali Littafi Mai Tsarki yana cikin harshensa tun 1932, kakanninsa kuma a Wusasa ko a ƙauyukan Kano da Katsina aka binne cibiyarsu. Waɗannan gaskiya ne, za mu kuwa ci gaba da faɗinsu a gaban hukuma ba tare da rawar murya ba.

Amma wanda yake lissafin gawawwakin gidansa kaɗai, lissafinsa bai cika ba. A Nuwamba 2014 bom ya tashi a babban masallacin Kano ranar Juma'a, mutane fiye da ɗari suka mutu. Bayan abin da ya faru a Zariya a Disamba 2015, gwamnatin jihar Kaduna da kanta ta shaida cewa an binne 'yan Shi'a 347 a rami ɗaya. A Agusta 2021 aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba a Jos aka kashe fiye da ashirin. Akwai kuma mutanen da ba mai yi musu magana ko kaɗan, wato masu bin addinin gargajiya, Maguzawa da sauransu, waɗanda wasunsu iyayenmu ne da kawunanmu. Mu yi musu wa'azi, i, wannan umarni ne. Amma matashin da ya ɗauki fetur ya nufi wurin tsafin wani, sai ya karanta Luka sura 9, inda Yakubu da Yohanna suka so su kira wuta daga sama a kan ƙauyen Samariyawa domin an ƙi karɓarsu, Ubangiji kuwa ya juya ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye.

A watan Yuni 2018, sa'ad da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, limamin Nghar Yelwa, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da tamanin, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutane fiye da ɗari biyu, yawancinsu Kirista, ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙon maharan. A Kaduna, Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin nan ɗaya, sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare. Tambayar da muke ajiyewa a gaban dattawa da matasa ita ce: idan gari ya rikice, wani mai shayi ko mai yankan farce ya rugo ya buga ƙofar wannan majami'a, wa yake riƙe da mabuɗi, me kuma aka riga aka gaya masa ya yi? Irin wannan shawara tun da zaman lafiya ake yanke ta, gama ranar gudu ba a kiran taron majalisa.

Saboda haka muna miƙa roƙo uku ga majalisar dattawa. Na ɗaya, bisa ga Ibraniyawa sura 13 wadda ta ce mu tuna da ɗaurarru, a keɓe Lahadi ɗaya a shekara domin addu'a saboda waɗanda ake tsananta wa, a kira ƙasashensu da suna, a haɗa da waɗanda ba Kirista ba, a kuma yi addu'a domin masu tsanantawar. Na biyu, a cire wani kashi daga baikon godiya na wannan jubili a kai wa 'yan gudun hijira da gwauraye da marayu, kada a tambayi addinin kowa wajen rabo. Na uku, kafin shekarar nan ta ƙare, dattawa su tashi da kansu su kai gaisuwa wurin mai unguwa da limamin unguwar nan, a karɓi lambar wayar juna, shugabannin matasa kuma su raka su.